Tuba Kafin Gargara: Darasi Daga Tsarin Ihya'u na Imam Gazali

A shekarar 1095 Imam Abu Hamid al-Gazali yana kan ganiyarsa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ɗalibai ɗari uku na ɗaukar karatu a gabansa. Sai harshensa ya ɗaure, ya kasa koyarwa, abinci ma ya ƙi shiga. A littafinsa al-Munƙiz minad Dalal ya bayyana cewa da ya binciki niyyarsa, ya tarar son suna da matsayi ne ke jan ta, ga ajali na matsowa. Ya rabar da dukiyarsa, ya bar wa iyali abin da zai ishe su, ya nufi Dimashƙa.

Daga wannan ƙaura aka samu Ihya'u Ulumiddin mai littattafai 40, kuma yadda ya jera su abin lura ne. Rubu'in ƙarshe, wanda ya tattara halayen tsira, da tuba ya buɗe shi, da ambaton mutuwa ya rufe shi. Tsakaninsu akwai littattafai takwas, ciki har da haƙuri da godiya, tsoro da fatan rahama, tawakkali da yi wa kai hisabi. A fahimtata Gazali na nuna cewa tuba mafarin aiki ce, tana bukatar sauran kwana da za a gina a kanta. Alƙur'ani ma haka ya hukunta: aya ta 18 a Suratun Nisa'i ta kore tubar wanda ya jinkirta har mutuwa ta halarto shi, Suratu Yunus kuma ta kawo Fir'auna da ya yi imani yana nutsewa, bai amfane shi ba.

Wani zai ce rahamar Allah ta yalwaci komai, me ya sa za a tsananta? Gaskiya ne, hadisin Tirmizi ya bar ƙofa a buɗe har zuwa gargara. Amma Imam Nawawi, wanda ya rasu a 1277, ya kawo sharuɗɗan tuba uku a Riyadus Salihin, wato dainawa, nadama da ƙudurin rashin komawa, sannan ya ƙara na huɗu idan laifin ya shafi ɗan Adam: a mayar wa mai haƙƙi haƙƙinsa. Nadama na iya aukuwa cikin ƙiftawar ido. Mayar da gonar marayu ko rabon gadon da aka danne wa 'yan'uwa mata kuwa sai da lafiya, da shaidu, da jure kunya.

Nan ne rauninmu yake, kuma abin yana ci mini rai. Ga gawa a makara, an jera sahu, sai wani dattijo ya ɗaga murya: duk mai bin marigayi bashi ya nemi iyalansa, wanda ya ɓata wa ya yafe masa. Al'ada ce mai kyau, sai dai aikin da ya kamata mamaci ya yi da bakinsa ne ake roƙa masa, alhali wanda aka zalunta wataƙila ba ya wurin, ko kunya ta hana shi magana.

Saboda haka ina kira ga masu wa'azi su riƙa haɗa tsoratarwa kan kabari da karantar da hukuncin bashi, wasiyya da gado, a kuma kwaɗaitar da jama'a rubuta basussukansu tun suna da ƙarfi, kamar yadda aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umarni.