Ingilishin Wa Za a Koyar? Tarihin Lafazi Tsakanin Katsina da Ƙasar Mayahi

A watan Maris na 2025 hukumomin Nijar suka fitar da sabon kundin tafiyar da ƙasa, wanda ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, ya kuma ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ga malamin da ke koyarwa a wata karamar hukumar karkara kamar El Allassane Maïreyrey, cikin yankin Mayahi na jihar Maraɗi, wannan mataki ya farfaɗo da wata tsohuwar tambaya da ba a cika yi a fili ba: idan Ingilishi zai ƙara ƙarfi a makaranta da ofis, wane iri ne daga cikinsa? Akwai wanda ake ji a rediyon Landan, akwai na finafinan Amurka, akwai kuma wanda 'yan cirani ke dawowa da shi daga Katsina da Kano da Legas. Kowannensu yana da tarihin da ya kawo shi kunnen mutanen wannan yanki.

Tun farko ma, kasancewar Ingilishi baƙo a nan lamari ne na zanen iyaka. Sarautun Maraɗi da Tasawa daga gidan sarautar Katsina suka fito, bayan jihadin farkon ƙarni na 19, kuma tsakanin Tasawa da birnin Katsina tafiyar 'yan kwanaki ce a ƙafa. Yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898 ta bar Maraɗi a ɓangaren Ingila. Amma Faransawa sun ga cewa hanyar da aka bar musu daga kogin Kwara zuwa Damagaram ba ta da isassun rijiyoyi, sai suka nemi gyara. A 1904 aka matsar da layin zuwa kudu, Faransa kuwa ta saki wani haƙƙin da take da shi na kamun kifi a gaɓar Newfoundland, can a arewacin nahiyar Amurka. Aka sake daidaita layin a 1906, sannan aka kafa alamomi a ƙasa tsakanin 1906 da 1908. Wato da rijiyoyi da kifin wata teku mai nisa aka yanke harshen da 'ya'yan Maraɗi za su yi boko da shi. Shi ya sa kalmar "Turanci" take da fuska biyu: a Katsina tana nufin Ingilishi, a arewa da iyaka kuwa sau da yawa Faransanci ake nufi.

Shi kansa Ingilishin da ake ɗauka a matsayin "na asali" ba tsoho ba ne. Ingila ƙasa ce mai karin harshe iri-iri, ta yadda mutumin Liverpool da na Newcastle da na gabashin Landan ba sa magana da lafazi ɗaya. A ƙarni na 19 ne makarantun kwana na 'ya'yan masu hali suka haifar da wani lafazi da ba ya nuna garin mai magana, sai dai matsayin iyayensa. Masanin furuci Daniel Jones ya tattara shi a ƙamusunsa na 1917, daga baya aka san shi da taƙaitaccen suna RP. A 1926 gidan rediyon BBC ya kafa kwamitin da zai tsara wa masu karanta labarai yadda za su furta kalmomi. Abin lura a nan shi ne, shugaban gidan a lokacin, John Reith, mutumin Sikotilan ne, kuma cikin 'yan kwamitin akwai marubuci George Bernard Shaw, haifaffen Dublin. A shekarun 1970 masanin harshe Peter Trudgill ya ƙiyasta cewa kimanin kashi 3 cikin 100 ne kawai na mutanen Birtaniya ke magana da wannan lafazi. Amurkawa kuwa sun riƙe furta harafin r a ƙarshen gaɓa, abin da mutanen Landan suka bari tun wajen ƙarshen ƙarni na 18. A wannan fuska ɗan Amurka ya fi ɗan Landan kusa da tsohon Ingilishi.

Wannan lafazi na 'yan tsiraru shi ne ya sauka a Katsina. Da yake Turawan mulki sun taƙaita ayyukan mishan a masarautun Musulmi, ilimin boko a arewacin Nijeriya ya zo a makare, kuma ta hannun gwamnati. Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909. A 1922 Gwamna Hugh Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina domin horar da malamai. Ɗalibanta kaɗan ne, zaɓaɓɓu, malamansu kuwa Turawan Ingila ne, da yawansu sun fito daga irin waɗancan makarantu da manyan jami'o'i, kuma sun ba wa furuci muhimmanci ƙwarai. Ɗalibi yakan ji harshen kai tsaye daga bakin mai shi shekara da shekaru, ba tare da wani lafazi ya shiga tsakani ba. Daga nan Ahmadu Bello ya fito, haka ma Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda zaƙin muryarsa da tsabtar lafazinsa suka jawo masa laƙabin mai muryar zinariya, kuma duniya ta saurare shi a Majalisar Ɗinkin Duniya a 1960 da majalisar dokokin Amurka a 1961. Kwalejin ta koma Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, inda ta zama Kwalejin Barewa.

A kudancin Nijeriya abin ya bi wata hanya. Makarantun mishan sun fara tun shekarun 1840, sun yawaita, kuma masu koyarwa sun haɗa da 'yan Sikotilan a Kalaba, da 'yan Ayalan a ƙasar Ibo, da 'yan Saliyo a Legas da Abekuta, kafin aikin ya koma hannun 'yan ƙasa da suka koya daga 'yan ƙasa. Don haka Nijeriya ta sami 'yancin kai da Ingilishi fiye da ɗaya. Munzali Jibril, a kundin digirinsa na uku da ya kammala a Jami'ar Lancaster a 1982, ya bambanta Ingilishin Hausawa da na kudu ta fuskar sauti. Inda ɗan kudu ke maye sautin th da t ko d, Bahaushe yakan sa s ko z. Sannan da yake Hausa na rarrabe dogon wasali da gajere, Bahaushe yakan kiyaye wasu bambance-bambancen wasulan Ingilishi da ke ɓacewa a bakin wasu.

Babu abin da ake yi wa Bahaushe ba'a da shi kamar musanya p da f, alhali dalilinsa a fili yake. Hausa ba ta da waɗannan sautuka biyu a rarrabe. Tana da guda ɗaya da ake furtawa da leɓɓa, kuma yana sauya kama daga wuri zuwa wuri. Abin da Bakano ke cewa "fari" da "tafi", mutumin Gobir ko Maraɗi yakan ce "hwari" da "tahi". Sautin da ke tona asirin Bahaushe a Ingilishi shi ne ke tona asirin garinsa a Hausa. Yaron Mayahi da aka ce masa Ingilishinsa bai nuna ba, shi ne kuma ake ce wa Hausarsa ba daidaitacciya ba ce, domin ma'aunin rubutu ya ginu a kan karin Kano, ta hanyar ƙa'idojin Vischer na 1912, da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a 1939, da Hukumar Harshen Hausa ta 1955. Fifikon Kananci, kamar na RP, daga ɗab'i da hukuma ya samo asali.

Ingilishi bai jira izinin makaranta ba kafin ya ƙetare iyaka. Ya shigo a bakin fatake da direbobi da 'yan cirani, sanye da rigar Hausa, wadda ba ta son baƙaƙe su cunkushe ba wasali a tsakani. Haka aka sami "burodi" da "mota" da "direba", suka zauna kusa da "lakwal" da "mushe" da "jandarma" da aka aro daga Faransanci. A aji kuwa, ɗalibin Nijar yana fara Ingilishi ne a shekarar farko ta kwaleji, bayan ya shafe firamare da Faransanci, don haka lafazinsa yakan ɗauko launin harsuna biyu. An kuma sami wata kafa ta uku: daga 1962 'yan sa-kai na ƙungiyar Peace Corps ta Amurka suka fara zuwa Nijar, rukunin farko malaman Ingilishi ne, har aka janye shirin a 2011.

A wannan tsakani ra'ayin masana ya sauya. A 1985 Braj Kachru, ɗan asalin Kashmir, ya kasa masu amfani da Ingilishi gida uku: ƙasashen da yake harshen uwa, da waɗanda suka gaje shi daga mulkin mallaka kamar Indiya da Nijeriya, da waɗanda ke koyonsa a matsayin baƙon harshe. Hujjarsa ita ce gida na biyu yana ƙirƙiro ƙa'idojinsa da kansa, ba kuskure yake tafkawa ba. A 2017 BBC ta buɗe sashen Pidgin, wato Turancin buroka, sannan a farkon 2020 babban ƙamusun Oxford ya shigar da kalmomi 29 daga Ingilishin Nijeriya, ciki har da Kannywood.

Bisa wannan rabo Nijar tana gida na uku, wanda aka saba ya ɗauko ma'auninsa daga Landan ko Amurka. Amma El Allassane Maïreyrey ba ta yi kama da wani ƙauye a Japan ba. Tana maƙwabtaka da ƙasar da ta fi kowace yawan masu amfani da Ingilishi a Afirka, kuma da mutanenta ake ciniki da auratayya. Ɗalibin da ya bar kwaleji a yankin Mayahi ya fi yiwuwa ya buƙaci Ingilishinsa a kasuwar Kantin Kwari ko a wata jami'ar Zariya ko Sakkwato fiye da a Oxford. Abin da ya fi dacewa malami ya nace a kai shi ne bambancin da ke sauya ma'ana, kamar na p da f, wanda kan mai da kalmar tukunya ta soya ta zama fanka. Sauran launin murya, wanda Bahaushen Katsina ya yi shekaru ɗari yana magana da shi a majalisa da kotu da rediyo, ba shi ne ke hana a fahimci yaron ba.