Gadon Gonakin Rake: Abin da Kundin Diyyar Bayi Ya Bar wa Jikoki

A shekarar 1833 majalisar dokokin Birtaniya ta zartar da dokar soke bauta a mafi yawan ƙasashen da take mulka, ta kuma ware fam miliyan 20 domin diyya. Kuɗin ya kai kusan kashi 40 cikin 100 na abin da gwamnati ke kashewa a shekara. Iyayengiji ne suka karɓe shi. Bayin, su kusan 800,000, ba su ga ko anini ba, sai ma aka ɗora wa mafi yawansu ci gaba da aikin gona ba lada har zuwa 1838, da sunan koyon sana'a.

Da yake sai mutum ya kawo hujja kafin a biya shi, an rubuta komai: sunan mai nema, sunan gona, yawan bayi, da abin da ya samu. Waɗannan takardu ne masana tarihi a jami'ar UCL ta Landan, ƙarƙashin jagorancin Catherine Hall, suka tattara suka ɗora a intanet a 2013, ɗauke da sunayen mutum kusan 46,000. Daga lokacin ne iyalai da dama suka fara cin karo da kakanninsu a inda ba su zata ba.

John Gladstone, mahaifin William Gladstone da ya zama firayim minista, ya karɓi sama da fam 100,000 a kan bayi fiye da 2,500 a Demerara (wani yanki na Guyana ta yau) da Jamaika. A watan Agustan 2023 wasu daga zuriyarsa suka je Guyana suka nemi gafara. Kafin su, a watan Fabrairun shekarar, iyalin Trevelyan sun yi haka a Giranada, inda kakanninsu suka mallaki mutum sama da 1,000, kuma 'yar jarida Laura Trevelyan ta ba da fam 100,000 domin ilimi a tsibirin.

Sai dai kundin bai yi wa kowa hidima daidai ba. Jikan mai gona yana samun cikakken suna, wasiyya, takardar aure da ta jingina, har ya haɗa salsalarsa ta shekara ɗari uku. Jikan bawa kuwa ya dogara ne da rajistar bayi da aka fara a Trinidad a 1813, ta bazu zuwa sauran tsibiran Karibiyan, wadda yanzu ke ajiye a ma'ajiyar tarihi ta Birtaniya da ke Kew. Abin da zai tarar a ciki galibi suna ɗaya ne da ubangiji ya laƙaba, sai kintacen shekaru, launin fata, da bayanin ko a Afirka aka haifi mutum ko a tsibirin. An fi ambaton uwa, uba kuwa da wuya, domin ta wajen uwa ɗa ke zama mallakar mai gona. Takarda ce ta ƙididdigar dukiya, kuma da ita zuriyar ke laluben asalinta.

Masu adawa da biyan diyya ga zuriyar bayi suna cewa ba a kama jika da laifin kaka, kuma dukiyar ta daɗe da watsewa. Maganar farko gaskiya ce, amma laifi daban, bashi daban. Duk wanda ya taɓa zama wajen rabon gado a gaban alƙali ya san sai an fitar da bashin mamaci kafin magada su taɓa komai, ba don sun yi laifi ba, sai don haƙƙin yana rataye a kan dukiyar.

Magana ta biyu kuma ba ko'ina ta tabbata ba. Gonar Drax Hall a Barbados tana hannun iyali ɗaya tun ƙarni na 17, kuma Richard Drax, tsohon ɗan majalisar Birtaniya, shi ya gaje ta. A 2024 gwamnatin Barbados ƙarƙashin firayim minista Mia Mottley ta shirya sayen wani yanki nata domin gina gidaje, amma ta dakatar da cinikin bayan jama'a sun yi ca, suna tambayar yadda jikokin bayi za su sake biyan magajin mai gona.

Neman gafarar iyalai yana da nasa daraja, amma bai kai ga tushen lamarin ba, tun da hukuma ce ta halatta bautar kuma ita ta biya diyyar. Baitulmalin Birtaniya da kansa ya bayyana cewa sai a 2015 aka gama biyan bashin da aka ci domin diyyar, abin da ke nufin har 'yan asalin Karibiyan da ke zaune a Ingila sun sa harajinsu a ciki. Ƙungiyar ƙasashen Karibiyan, CARICOM, ta gabatar da buƙatu 10 tun 2014, ciki har da neman gafara a hukumance da yafe basussuka. Da aka tambayi firayim ministan Birtaniya na lokacin, Rishi Sunak, a majalisa a 2023 ko gwamnatinsa za ta nemi gafara, ya ce a'a.