Malfar Inna a Kan Jaji

Duk daren 31 ga Oktoba, yara a Amurka kan sa baƙaƙen kaya da hula mai tsini irin ta mayun tatsuniyoyinsu, su bi gida-gida ana ba su alewa. Bikin Halowin ke nan. Ya samo asali ne daga wani tsohon bikin ƙarshen kaka na mutanen Ayalan da ya gamu da jajibirin ranar waliyyai ta Kirista, 1 ga Nuwamba, sannan 'yan gudun yunwar shekarun 1840 suka yaɗa shi a Amurka. Har yau Kiristoci ba su daidaita a kansa ba. Wasu na kafa hujja da hanin Attaura a kan sihiri da duba, wasu kuwa na ganin wasan yara ne, kamar tashe a wurinmu.

A Isa ko Turba na ƙasar Gobir babu uwar da za ta yi wa ɗanta shigar maye da sunan wasa, domin a nan zargin maita yana kashe aure, yana tayar da mutum daga gari. Amma ainihin tambayar, wato ko ya halatta a riƙe suturar tsohuwar bauta bayan an bar bautar, Gobir ta daɗe da cin karo da ita.

A fadar Gobir ta Alkalawa, wadda kufanta ke kusa da Sabon Birni, akwai sarautar Inna. Mace ce daga gidan sarauta, galibi 'yar'uwar sarki, kuma ita ce uwar 'yan bori da matan ƙasar baki ɗaya. Alamar girmanta malfa ce, kayan maza, a kan mace. Sarakunan Gobir Musulmi ne, suna da malamai a fada, amma Inna na nan daram a gefensu, kuma irin wannan gami shi ne Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi ta suka a wa'azinsa. Tun a lokacin sutura ba ƙaramin abu ba ce: da Sarki Nafata ya so karya jama'ar Shehu, cikin dokokinsa har da hana maza naɗa rawani da hana mata lulluɓi.

Alkalawa ta faɗi a hannun jama'ar Shehu a 1808, aka kashe Sarki Yunfa. A 1836 Muhammadu Bello ɗan Shehu ya sake karya Gobirawa a Gawakuke, inda Sarki Ali ya rasu. Waɗanda suka tsira suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, suka tafi da sarautar Inna. Daga baya Ɗan Halima, na gidan sarautar Gobir, ya ɓalle, ya dawo ya kafa Sabon Birni da yardar Sakkwato. Abin da ake yawan mantawa shi ne matan da aka kamo a yaƙe-yaƙen nan. An rarraba su a gidaje da ƙauyukan daular Sakkwato, an raba su da mazansu da garuruwansu, kuma abin da suka sani na neman sauƙi idan ciwo ko baƙin ciki ya taso shi ne bori. Takobi ya ci birni, amma garaya ta shigo har cikin gida.

Nana Asma'u, 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793, ita ta fahimci cewa hani kaɗai ba zai wadatar ba. Wajen 1840 ta tsara 'yan taru. Daga kowane ƙauye a zaɓi dattijuwa mai mutunci, a kira ta jaji, ta jagoranci 'yan mata da tsofaffi zuwa wurin Asma'u, su koyi waƙoƙin addini da Hausa da Fulatanci, su koma su koyar da matan aure da ba sa fita. Ranar naɗin jaji kuwa, abin da Asma'u ke ɗora mata a ka shi ne malfa, tare da jan ƙyalle na naɗi. Jean Boyd, wadda ta daɗe a Sakkwato tana bin tarihin Asma'u, ta nuna cewa daga Inna aka aro wannan alama.

A ganina wannan hikima ce babba, kuma ba sassauci ba ne. Asma'u ba ta taɓa yi wa bori kara ba, ta la'ance shi a rubuce, ta kuma tattara addu'o'i da magungunan sunna don su maye gurbinsa. Amma ta san cewa Bagobira idan ta hangi malfa a kan mace, ta ga shugaba wadda ake saurara. Sai ta bar idon da abin da ya saba, ta sauya abin da kunne zai ji. Sharaɗin shi ne, duk wadda ta sa malfar ta san karatun da take ɗauke da shi, kuma babu girka, babu hawan iska a bayanta.

Kiristocin Gobir ma sun sha wannan tambaya. 'Yan mishan na SIM sun zauna a Tsibiri tun ƙarshen shekarun 1920, a garin Inna kanta, kuma tsarinsu shi ne wanda ya tuba ya rabu da bori da tsafi gaba ɗaya.

Asma'u ta rasu a 1864, ƙanwarta Maryam ta ci gaba da karɓar 'yan taru a Wurno. Daga baya wasu Musulmi baƙar fata a birnin Pittsburgh na Amurka suka farfaɗo da tsarin da sunansa na Hausa, suka kuma kira shugabarsu jaji.