Tukunyar da ta yi hijira tare da mu

A ranar 27 ga watan Yuli, 1903, Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Farko a yaƙin Burmi. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda aka fi sani da Mai Wurno, ya jagoranci waɗanda suka tsira zuwa gabas da niyyar isa Makka. Wajen shekarar 1906 suka sauka a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, daura da Shehu Ɗalha, inda aka kafa garin da yake ɗauke da sunansa har yau. Wannan tarihi mun saba jin sa daga bakin maza, da sunayen sarakuna da malamai. Akwai wani ɓangarensa da ke hannun iyayenmu mata, wato yadda aka ciyar da jama'a a wannan doguwar hanya, da abin da aka ɗora a murhu bayan an sauke kaya.

Allah ya sauƙaƙa musu da abu guda. Daga Sakkwato zuwa Barno, zuwa Wadai da Darfur da Kurdufan, damina ɗaya ce gajera, tsirrai kuma kusan iri ɗaya. Matar da ta baro ƙasar Hausa ta riƙa tarar da kayan miyarta a gaba, suna kawai suka sauya. Dawa ta zama zura, gero ya zama dukhun. Busasshiyar kuɓewa ita ce weka, lalo shi ne khudra, zoɓo karkade, tsamiya aradeb, riɗi simsim, kanwa kuwa aɗrun. Bishiyar kuka ana ce mata tabaldi, 'ya'yanta gongolez. Har tafasa, wadda muke kwaɗo da ita, mutanen Darfur suna ruɓar da ganyenta su yi kawal. Wanda ya san tuwo bai yi baƙunta a gaban asida ba.

Inda aka ji jiki shi ne daddawa. Ɗorawa ba bishiyar wannan baƙar ƙasa mai tsagewa ba ce, saboda haka kalwa ta zama abin da sai matafiyi ya kawo. Abin da ke kusa da hannu shi ne 'ya'yan yakuwa, waɗanda a ƙasar Hausa ma ake daddawar batso da su, a yammacin Sudan kuma ake kiran irinta furundu. Da haka miya ta riƙe ƙanshinta ko da an rasa na asali.

A 1925 aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar, noman auduga na Jazira ya kankama. Dubban mutanenmu, maniyyata da ke tara guzirin tsallaka teku da waɗanda suka riga suka zauna, suka shiga tsinkar auduga. Kaɗan ne suka sami hawasha tasu, da yawa suka zauna a kambo a gefen gonakin wasu. A irin wannan zama, ɗan abin da mace ta shuka a bayan ɗaki ko a bakin magudanar ruwa, kuɓewa da yakuwa da kabewa da barkono, shi ya riƙe gida. Abin da ya yi saura ta shanya, ta daka, ta ajiye don rani.

Mun karɓa, mun kuma bayar. Kisra ta shiga gidajenmu, ful ya zama kalacinmu, mun koyi mulah iri-iri. Mu kuma muka fito da nama mai ƙuli da yaji zuwa bakin titi, har agashe ya zama abin marmari daga Madani zuwa Khartum da Port Sudan, sunansa ma bai tuɓe rigar Hausa ba. Haka godogodo na gero da nono. Duk wanda ya ji Basudane ya ce dakwa yana nufin niƙaƙƙiyar gyaɗa, kunnensa zai tuna masa da daƙuwar gida.

Wannan magana tana da nauyi a yau. A rikicin Shuɗin Nilu na watan Yuli 2022 an sake jifan mu da kalmar baƙi, aka rasa rayuka, aka bar gidaje. Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu 2023 ya kai Jazira da Sinnar, ya warwatsa iyalai, ya raba mata da rumbunansu da turmensu. Al'ummar da abincinta ya shiga bakin kowa a ƙasa sama da shekara ɗari tana da shaidar zama wadda ba a iya ƙonawa.

Sai dai shaidar tana iya zubewa daga hannunmu. Yara da yawa sun san weka, ba su san kuɓewa ba. Sun san aradeb, tsamiya kuwa sai an fassara musu. Duk inda hijira ta kai mu yanzu, mu zauna da tsofaffinmu mata tun suna raye, mu tambaye su yadda ake batso, yadda ake kaɗa kuka, da sunan kowane ganye da Hausa, mu rubuta, mu turo nan domin na baya su samu.