Bakteriyar da Aka Sauya wa Ƙwayoyin Gado a Matsayin Ma'aunin Gubar Ƙarafa a Ruwan Sha: Inda Ta Kai da Inda Ta Gaza

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda ake sarrafa ƙwayoyin gadon bakteriya domin ta riƙa ba da haske ko launi idan ta gamu da asinik, zaiba ko dalma a cikin ruwa. An bi sawun ayyukan da aka wallafa daga 1993 zuwa 2020, an kuma fi ba da ƙarfi ga waɗanda suka fita daga ɗakin gwaje-gwaje suka isa bakin rijiya. Nazarin ya nuna cewa a kan asinik fasahar ta kai munzali, amma a kan dalma da sauran tafiya. Abin da ke riƙe ta ba rashin kaifin ganewa ba ne. Gaurayen da ke cikin ruwan na gaske, da wahalar adana ƙwayoyin, da doka, su ne cikas.

1. Gabatarwa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade cewa kada asinik ya wuce mikrogiram 10 a litar ruwan sha, dalma ma mikrogiram 10, kadmiyam 3, zaiba kuma 6. Ruwan da ya ninka waɗannan adadi sau da yawa yana iya zama garau, ba wari ba ɗanɗano, mai sha bai san yana shan ajalinsa ba. Injinan da ke auna su daidai, irin su ICP-MS, suna da tsada, suna son wutar lantarki mai ɗorewa da iskar agon da ƙwararren ma'aikaci, kuma a manyan birane suke.

Bangaladesh ce ta fito da girman matsalar. Tun daga shekarun 1970 aka yi ta haƙa rijiyoyin burtsatse a ƙasar domin a raba jama'a da ruwan kududdufi mai kawo amai da gudawa. A 1993 aka tabbatar da asinik a ruwan rijiyoyin. Smith da abokan aikinsa sun ƙiyasta a 2000 cewa mutum miliyan 35 zuwa 77 na cikin haɗarin shan gurɓataccen ruwa. Wani abu da ya ƙara dagula lamarin shi ne rijiya biyu a unguwa ɗaya sukan bambanta ƙwarai, saboda haka dole a gwada kowace rijiya ita kaɗai, a shafa wa famfonta jan fenti ko kore. Kayan gwajin hannu da aka dogara da su suna mayar da asinik iskar asin mai guba, wadda ke rina takarda mai ɗauke da sinadarin zaiba, sai a kwatanta launin da ido. Idan gubar ba ta da yawa, launin kan yi dishi-dishi, hukunci ya koma hasashe.

2. Yadda ake gina ma'aunin

Masana ba su ƙirƙiri ƙarfin ganewar ba, aro suka yi. Bakteriya ta daɗe tana rayuwa cikin ƙarafa masu guba, ta kuma tanadi furotin da ke lura da shigowarsu su kunna kariya. A jikin Escherichia coli, furotin ArsR na zaune a kan DNA kamar kwaɗo a ƙofar rumbu, ya hana a karanta ƙwayoyin gadon kariya. Da asinik ya shigo ya manne masa, siffarsa kan sauya ya saki wurin, karatu ya fara. Aikin mai bincike shi ne ya dasa ƙwayar gado mai ba da alama a bayan wannan wuri. Wasu sukan sa jerin luxCDABE da aka ɗauko daga bakteriya masu haske, wasu su sa furotin GFP na halittar teku Aequorea victoria, wanda ya jawo kyautar Nobel ta 2008, wasu kuma lacZ mai sauya launi. Gwargwadon yawan gubar, gwargwadon ƙarfin alamar, har zuwa wata iyaka da za a zo kanta.

Na zaiba dabararsa daban ce. Furotin MerR ba ya sauka daga kan DNA. Idan ya kama zaiba sai ya murɗa zaren DNA ɗin har wuraren da injin karatu ke kamawa su daidaita. Da shi Selifonova da Burlage da Barkay suka gina ma'aunin zaiba mai haske a 1993. PbrR na dalma ɗan gidan MerR ne, an samo shi daga Cupriavidus metallidurans CH34, bakteriyar da aka tsinta a tankin sharar wata masana'antar tutiya a Beljiyam.

Akwai bambanci tsakanin abin da inji ke aunawa da abin da bakteriya ke aunawa. Inji na ba da jimillar ƙarfen da ke cikin ruwa. Bakteriya kuwa ba ta ganin sai wanda ya iya ratsa fatarta ya shiga ciki. Masu fasahar sukan ɗauki wannan a matsayin falala, tunda shi ne kason da ke iya shiga jikin mai rai. Sai dai a kula: cikin ɗan Adam akwai ruwa mai tsami da ke narkar da ɓurɓushin da bakteriya ba ta gani ba.

3. Gwajin fili

Ƙungiyar Jan Roelof van der Meer a Suwizalan ce ta fi kowa naci a wannan fage. A 2003, Stocker da abokan aikinta sun magance wani aibi na ArsR, wato ɗigon alama ko da babu asinik, ta hanyar ƙara masa mazauni na biyu a kan DNA. A 2005, Trang da abokan aikinta suka gwada ma'aunin a kan samfurin ruwa 194 daga yankunan Jan Kogi da Kogin Mekong a Biyetnam, suka kwatanta da sakamakon inji. A kan iyakar mikrogiram 10, kashi 8 cikin 100 aka ce lafiyayyu ne alhali gurɓatattu ne, kashi 2.4 kuma aka ɗora musu laifin da ba su da shi. Wannan ya ɗara kayan gwajin hannu na lokacin.

Ba a kai ga wannan sakamako a sauƙaƙe ba. Ruwan ƙarƙashin ƙasa na waɗannan yankuna cike yake da sinadarin ayon. Da an jawo shi ya sha iska sai ayon ɗin ya yi tsatsa ya kwanta, ya riƙe asinik, bakteriya ta ga kaɗan. Sai da aka tsamama samfurin domin a saki asinik, aka kuma daidaita shi kafin a zuba ƙwayoyin. Daga baya cibiyar UFZ ta Laifzig a Jamus ta busar da ƙwayoyin cikin sanyi ta rufe su a 'yan kwalabe, ta kira kayan ARSOlux. Siegfried da abokan aikinsa sun wallafa gwajinsa a ƙauyukan Bangaladesh a 2012: a ɗura ruwan rijiya da sirinji, a jira kimanin awa biyu, a auna hasken da ƙaramar na'ura mai batir.

Ta fuskar kaifi kuwa an wuce buƙata. A 2019 ƙungiyar Baojun Wang a Edinbara ta jera matakan ƙara ƙarfin alama har ta gano asinik a mikrogiram 0.1 a lita, zaiba a 0.01. Nasara ce ta injiniyanci, amma mai rijiya ba wannan ne ya dame shi ba.

4. Inda gizo ke saƙa

Ma'aunin abu ne mai rai, gubar da yake aunawa tana iya kashe shi. Idan ƙarfen ya yi yawa ƙwarai, ƙwayoyin kan galabaita hasken ya dushe, ruwa mafi haɗari ya yi kama da mai tsabta. Maganin wannan shi ne a sirka samfurin kashi-kashi, a kuma haɗa da wata bakteriyar mai haske a kowane hali, wadda dusashewarta ke nuna guba. Duk gwajin da bai tanadi wannan ba, bai kamata a amince da "babu" ɗinsa ba.

Sai ruɗani tsakanin ƙarafa. ArsR na amsa wa antimoni kamar yadda yake amsa wa asinik. Ma'aunan dalma sukan motsa da kadmiyam ko tutiya, dalma kuma takan haɗu da fosfet ɗin da ke cikin abincin bakteriyar ta kwanta, ta ɓace wa ma'aunin. Zafi ma na rage kwanan busassun ƙwayoyi idan babu firji.

Ta ɓangaren doka, Yarjejeniyar Cartagena da ta fara aiki a 2003 ta shafi ketare iyaka da halittun da aka sauya wa ƙwayoyin gado, kowace ƙasa kuma da nata sharuɗɗan. Wannan na cikin dalilan da suka sa ƙungiyar Julius Lucks a Jami'ar Northwestern ta Amurka ta fito da ROSALIND a 2020, inda aka ɗebo furotin da DNA kawai aka busar, ba tare da ƙwaya mai rai ba.

5. Dalma da arewacin Nijeriya

A 2010 gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, a 2015 kuma ta sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja. Bai dace a ce ma'aunin ruwa zai hana wannan bala'i ba. Babbar hanyar gubar ita ce ƙurar duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje, kuma da na'urar XRF ta hannu aka auna ƙasa. Amma an samu dalma a wasu rijiyoyi da kududdufai, masu haƙar zinare suna amfani da zaiba, majemun Challawa da Sharaɗa a Kano kuma na aiki da kuromiyam. Bayan an kwashe gurɓatacciyar ƙasa masu agaji sun tafi, ana buƙatar gwaji mai arha da za a riƙa maimaitawa duk damina, kuma nan ne gurbin wannan fasaha.

Hujjar da ke hannu ta isa a yi amfani da ma'aunin asinik wajen tantancewar farko, a aika da samfurin da ya ba da alama ko ya jawo shakka zuwa inji. Ma'aunin dalma bai kai wannan matsayi ba. Ya kamata sassan nazarin ƙananan halittu na jami'o'in arewa su nemi izinin Hukumar NBMA mai kula da halittun da aka sauya wa ƙwayoyin gado, wadda aka kafa a 2015, su gwada ma'aunan PbrR da MerR a kan ruwan Anka da Rafi a cikin zafin bazara, su kwatanta kowane sakamako da na inji kafin a miƙa kwalba ɗaya ga ma'aikacin lafiya na ƙauye.