Yusef Lateef da Sarewar Fulani: Daga Detroit zuwa Zariya

A 1949, lokacin da kasuwar manyan ƙungiyoyin kiɗan jaz ta fara ja baya a Amurka, Dizzy Gillespie ya ɗauki wani matashi ɗan Detroit don ya busa masa sakisofon. An haifi matashin a Chattanooga a 1920, kuma ya riga ya goge a ƙungiyar Lucky Millinder. A wannan tsakanin ne ya musulunta ta hannun Ahmadiyya, ya ɗauki sunan Yusef Lateef. Daga baya ya yi aiki da Charles Mingus da Cannonball Adderley.

Marubuta tarihin jaz sukan wuce shekarunsa na Nijeriya a gurguje, kamar hutu ya zo yi. Ra'ayina shi ne, a can ne tafiyarsa ta dosa tun farko. Babbar ƙungiya tana ɗaure mabushi da rubutaccen kiɗa: ya jira layinsa, ya busa rabonsa, ya zauna. Lateef bai gamsu da wannan ba. Tun kafin faifansa Eastern Sounds na 1961 ya rungumi obo da argul na Larabawa da shahnai na Indiya, waɗanda duk wanda ya taɓa jin algaita a ƙofar fada zai gane danginta ne. Abin da yake nema shi ne sauti mai bin numfashin mutum, mai ratsa tsakanin muryoyin da fiyano ta ƙayyade.

Daga 1981 zuwa 1985 ya zauna a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello a matsayin babban mai bincike, yana da digirin digirgir a hannu, ya durƙusa gaban sarewar makiyaya. A nan ne faifan In Nigeria ya samo asali, haka ma littafin Hausa Performing Arts and Music da suka wallafa tare da Ziky Kofoworola a 1987. Ya rasu a 2013.

Amma muhallin sarewar da ya nazarta ya sauya. Mai bin hanyar Zariya zuwa Kano zai ratsa Kadawa da Kura, inda ruwan madatsar Tiga ya mayar da rani lokacin noman tumatir da alkama da shinkafa, har zuwa Bunkure. Albarkar wannan ruwa ba abin musu ba ce. Sai dai sarewa 'yar kiwo ce. Yaro yana koyonta ne a bayan shanu, cikin dogon yinin da babu mai hanzarta shi. A da, da an girbe dawa gona takan koma makiyaya har faɗuwar damina. Yanzu fili ba ya hutawa, burtali ya ƙuntata, garke yana nisa, waya kuma ta cika aljihun ɗan kiwo da waƙoƙin birni.

Saboda haka aikin Lateef ya fi zama ma'auni a gare mu fiye da abin alfahari. Abin da ya nazarta shekara arba'in da suka wuce yana buƙatar a sake auna shi a wurin da sauyin ya fi tsanani. Masu nazarin al'adu a Jami'ar Bayero suna da kusanci da yankin, kuma lokacin da ya fi dacewa a naɗi sautin sauran mabusan shi ne bayan girbin shinkafa, sa'ad da garkuna ke gangarowa cin tattaka.