Sauya launi a hoto: yadda ake yin sa da yadda ake gane shi

Sauya launi shi ne amfani da manhajar gyaran hoto a mayar da jar hula shuɗiya, ko busasshen fili kore shar, ba tare da an taɓa fuska ko siffar komai ba. Masu ɗaukar hoto na yin sa don ƙawata aikinsu. Matsalar tana farawa ne idan hoton shaida ce.

Hoton waya ko na kwamfuta tarin ƙananan ɗigogi ne, kowane ɗigo kuma haɗi ne na launi uku: ja, kore da shuɗi. Kowanne yana da lamba daga 0 zuwa 255, abin da ke ba da launuka sama da miliyan 16. Manhaja irin su Photoshop, wadda kamfanin Adobe ya fitar a 1990, ko Snapseed ta waya, lambobin nan kawai take sauyawa. Mai gyara yakan keɓe wurin da yake so, sannan ya juya abu uku: jinsin launin, kaurinsa da haskensa. Ninkin yadi da inuwa suna nan yadda suke, shi ya sa ido ke saurin yarda.

A Talata Mafara, Bakura da Maradun, launi ba ado ba ne kawai. Garuruwan uku sun fitar da gwamnonin Zamfara uku: Ahmad Sani Yariman Bakura daga 1999 zuwa 2007, Abdul'aziz Yari na Talata Mafara daga 2011 zuwa 2019, da Bello Matawalle na Maradun daga 2019 zuwa 2023. A watan Yunin 2021 Matawalle ya bar PDP ya koma APC. Tutar PDP kore ce da fari da ja. Ta APC tana da waɗannan ukun, da ƙarin shuɗi. Ke nan a hoton dandazo da aka ɗauka daga nesa, sauya launi ɗaya ya isa ya sa taron wata jam'iyya ya yi kama da na wata. Haka ma hoton gonakin noman rani na madatsar ruwa ta Bakolori: ƙara masa kore zai iya nuna nasarar da manoman wurin ba su gani ba.

Manyan kafofin duniya ma sun faɗa wannan rami. A Yunin 1994 mujallar Time ta Amurka ta ƙara duhu a fuskar O.J. Simpson, baƙar fatan da ake tuhuma da kisa, yayin da Newsweek ta buga hoton yadda yake. Time ta sha suka. A 2006 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya raba gari da mai ɗaukar hoto Adnan Hajj bayan ya ƙara wa hayaƙin harin Beirut yawa da duhu.

Gano gyaran yana buƙatar natsuwa. A faɗaɗa hoton a duba gefen hula ko tuta, domin tsohon launi kan bar zare siriri a baki. A lura ko sabon launin ya malala kan fata ko bango. A saka hoton a Google Lens ko TinEye don neman asalinsa da ranar da ya fara fitowa. A nemi wasu hotuna ko bidiyon taron daga wata kusurwa. Sannan a yi aiki da sanin gida: gawo yana zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani, don haka yakan faɗi lokacin da aka ɗauki hoto ko da an rina gonar.

Hoton da ya biyo ta WhatsApp galibi ya rasa bayanan ranar ɗauka da irin wayar. Idan shakka ta ci gaba, akwai masu tantance labarai irin su Dubawa da Africa Check da za a tura wa kafin a yaɗa.